Bin Sawun Mai Girki a Oaxaca da Puebla

Tafiyar da na yi zuwa Meziko ba ni na tsara ta ba. Wata mai girki ce 'yar jihar Oaxaca (Wahaka ake furtawa), mai ɗan gidan abinci a cikin birnin, takan ɗauki baƙi 'yan kaɗan ta zaga da su wuraren da take sayen kayan miyarta da tukwanenta, daga nan a wuce Puebla. Dukkanmu ko ƙaramar bas ba mu cika ba. Na daɗe da jin cewa a 2010 hukumar UNESCO ta sa girkin gargajiyar Meziko cikin jerin al'adun da ya kamata duniya ta adana, amma wannan magana ce ta takarda. Abin da ya ja ni shi ne an ce matar da kanta take cefane, kuma mutanen da za ta kai mu wurinsu abokan cinikinta ne tun kafin ta fara harkar baƙi.

Bari in fara da abin da na san za a tambaye ni: me Musulma za ta ci a can? Naman alade ba shi ne babbar matsalar ba, shi ai ana ganinsa a kauce masa. Kitsen ne abin tsoro. Manteca suke ce masa, kuma yana ɓuya inda ba a zato: cikin soyayyen wake, cikin tamales (ƙullin masara ne da ake naɗewa a ganyen ayaba ko a ɓawon masara a turara), cikin wasu burodi, har cikin miya idan da shi aka soya kayan haɗi. Akwai kuma asiento, wato abin da ke kwantawa a gindin tukunya bayan an narkar da kitsen, wanda ake shafa wa babbar tortilla (faffaɗar gurasar masara ce) ta Oaxaca mai suna tlayuda kafin a zuba mata wake da cuku. Idan ka tambayi mai sayarwa ko akwai alade, za ta ce maka babu, kuma ba ƙarya take yi ba, ita dai ba ta ɗauki kitse a matsayin nama ba. A nan na fara ganin amfanin jagorar tamu. Ba ta tsayawa a kan "babu". Sai ta ce, "Comadre, waken fa, da me kika soya shi?" Ta san wadda ke dafa nata da ganyen fiya da albasa kawai, ta san wadda za ta goge kaskonta ta gasa min tawa daban ba tare da ta ɓata rai ba. Maganar yanka kuwa kowa da malaminsa. Ni dai na fi karkata ga wake, ƙwai, kifi, furen kabewa da quesillo, cukun nan mai zare-zare da aka fi danganta shi da garin Reyes Etla, kuma ban taɓa kwana da yunwa ba.

Kafin ta bari mu taɓa wuƙa ko tukunya, sai da ta tashe mu da asuba ta kai mu wani gida a kwarin Tlacolula don mu ga yadda ake tortilla. Da farko na ɗauka ɓata lokaci ne. Ashe duk abin da za mu ci daga baya a kan wannan safiyar yake tsaye.

Tun da yammacin jiya matar gidan ta tafasa busasshiyar masara a ruwan da ta zuba wa wani farin gari da suke kira cal, wanda ake samu idan an ƙona farin dutse. Wasu ƙauyukan da toka suke yi. Ta bar ta ta kwana a jiƙe. Da muka iso tana wanke ta, ɓawon yana saluɓewa tsakanin yatsunta, ruwan ya koma rawaya mai santsi. Wannan jiƙaƙƙiyar masarar ita ce nixtamal. 'Yarta ta ɗauka a bokiti zuwa injin niƙa na unguwa, inda mata suka riga suka yi layi tun duhu bai washe ba, ta dawo da ƙulli. Uwar ba ta yarda da niƙan inji shi kaɗai ba, sai da ta durƙusa gaban dutsen niƙa mai ƙafa uku ta sake bi da shi. Sannan ta ɗebi curi, ta danne shi a matsi, ta ɗora kan comal, wani faffaɗan kaskon yumɓu da aka shafe da ruwan cal don kada abu ya kama. Da yatsu take juyawa, babu cokali babu tsumma. A juyi na ƙarshe tortillar ta kumbura ta cika da tururi. Jagorar ta ce wannan kumburin shi ne shaidar hannu ya iya. Nawa biyun da na gwada, ɗaya ta yage, ɗaya ta naɗe, matar ta yi dariya ta miƙa wa kaji.

Muna ci da gishiri da ɗan barkono jagorar ta yi mana bayanin da ya tsaya min a rai. Wannan tafasawar da cal ba don ɗanɗano kaɗai ba ce. Ita ke sa ƙullin ya haɗe ya yi danƙo, ita ke ƙara masa sinadarin da ke gina ƙashi, ita ce kuma ke sakin bitamin B3 da ke ɗaure a cikin ƙwayar masara, wanda jiki ba ya iya amfana da shi idan ba a yi haka ba. Da Turawa suka ɗauki masara zuwa ƙasashensu, iri suka ɗauka suka bar dabarar. Sakamakon haka talakawan arewacin Italiya da na Sifaniya, daga baya da na jihohin kudu na ƙasar Amurka, waɗanda masara ta zame musu abincin safe da dare, suka yi ta fama da cutar felagira, mai lalata fata, ta kawo gudawa, ta taɓa hankali. An daɗe ana zargin masarar ce ke da guba, alhali matan da aka raina a wannan kwarin sun riƙe maganin shekaru dubbai.

Kuma dubban da gaske ne. Masana sun ce kusan shekaru 9,000 ke nan da mutanen kudancin Meziko suka fara sarrafa wata ciyawa mai suna teosinte har ta zama masara. A kan hanyarmu ta zuwa Mitla ta nuna mana duwatsun da kogon Guilá Naquitz yake, inda aka tono totuwar masara da ta haura shekaru 6,000 da 'ya'yan kabewa na kusan shekaru 10,000. Meziko na da asalin nau'in masara 59, kuma fiye da rabinsu ana samun su a jihar Oaxaca. Na ga fara, rawaya, ja, da shuɗiya mai duhu. Wadda ake tlayuda da ita bolita ce, mai gajeren zangarniya, kuma matar gidan ta ce idan aka yi da masarar kamfani ba ta daɗewa sai ta karye. Har yanzu a gona ɗaya suke shuka masara da wake da kabewa, su kira ta milpa, kuma ganyayen da suka tsiro da kansu a tsakani ba a cire su a zubar, miya ake yi da su. Da na ji a 2025 ƙasar ta gyara kundin tsarin mulkinta don hana shuka masarar da aka sauya wa ƙwayar halitta, ban yi mamaki ba. Mutanen nan ba sa wasa da iri.

Sai mole, wata miya mai kauri ta barkono da kayan haɗi da yawa. Duk takardar talla da ka ɗauka za ta ce maka Oaxaca "ƙasar mole bakwai" ce. Jagorar tamu taɓe baki take yi idan ta ji wannan. Ta ce bakwai ɗin lissafin masu son jawo baƙi ne, kowane gari da nasa, kowace kaka da nata. Mu baƙin muka yi, mole negro, kuma ya cinye mana yini guda cur.

Tushensa wani busasshen barkono ne mai suna chilhuacle, mai kumburi da laushin fata, wanda ake nomawa a yankin La Cañada wajen Cuicatlán. Manomansa kaɗan ne, cuta na yawan kama shi, don haka tsadarsa ta wuce misali. Ta faɗa mana ba ɓoye-ɓoye cewa gidajen abinci da yawa wasu barkonon suke ƙonawa su samu baƙin launin, baƙo kuma ba zai gane ba. Muka tsaga barkonon muka ware 'ya'yan. Fatar muka gasa a comal har ta yi duhu. 'Ya'yan kuma ta fitar da su tsakar gida, ta zuba a kasko tare da busasshiyar tortilla, ta bar su har suka kama da wuta suka zama gawayi. Hayaƙin nan, Allah Ya kiyaye. Duk muka watse muna tari da hawaye, ita ko tana tsaye da mafici tana dariya. Bayan sun huce ta jiƙa su tana canja ruwa don ɗacin ya ragu. Daga nan aka shiga soye-soye, kowane abu daban, saboda kowanne da lokacin da yake ƙonewa: riɗi, gyaɗa, almon, zabibi, agada nunanniya, albasa, tafarnuwa, tumatir, wani ɗan koren tumatir mai riga da suke kira miltomate, kirfa, kanumfari, masoro, busasshen burodi. Saboda ni, da man girki aka soya, da romon kayan lambu aka sassauta nawa rabon. Muka kai injin niƙa a bokitai, mai injin ya wanke duwatsunsa ya niƙa mana ya fito baƙi wuluk yana sheƙi. Sauran aikin juyawa ne a tukunyar yumɓu, hannu ya gaji a miƙa wa wani, yana tsartuwa yana ƙona damtse. Cakulan a ƙarshe ake sa shi, kuma ɗan kaɗan ne. Masu cewa mole "miyar cakulan" ce ba su taɓa tsayawa a kan tukunyar ba.

Ɗanɗanonsa ba ya zuwa lokaci ɗaya. Ka fara jin ƙauri, sai zaƙi, sai wani ɗaci mai daɗi, can daga baya yaji ya taso a maƙogwaro. Idan ka duba kayan haɗin kuma, tarihi ne a cikin tukunya: barkono, tumatir da koko na gida ne, riɗi, almon da zabibi ta hannun Sifaniyawa suka shigo, kirfa da kanumfari kuwa kayan Asiya ne, irin waɗanda jiragen ruwa suka riƙa kawowa daga Manila zuwa Acapulco tsakanin 1565 da 1815.

A ƙauyuka mole negro ba abincin kullum ba ne. Na biki ne, na rasuwa, na ranar tunawa da matattu a farkon Nuwamba. Gida ɗaya ba ya iya ɗaukar nauyinsa, shi ya sa Zapotek, ƙabilar da ta fi yawa a wannan kwarin (ita ce ƙabilar Benito Juárez, shugaban ƙasar da aka haifa a Guelatao a 1806), suke da abin da suke kira guelaguetza. Wata dattijuwa ta ɗauko mana wani tsohon littafin rubutu da ya sha maiƙo. A ciki an rubuta wanda ya kawo talo-talo a bikin 'yarta da nauyinsa, wanda ya kawo koko, wanda ya kawo masara. Ranar da nasu ya taso, haka za ta mayar, idan kuma ta rasu bashin na kan 'ya'yanta. Masu yawon buɗe ido sun san sunan ne da bikin raye-rayen da ake yi a birnin a watan Yuli, amma ainihinsa yana cikin wannan littafin.

Kasuwannin cikin birni mun bi su da sauri. A Mercado 20 de Noviembre akwai wani lungu da ake kira hanyar hayaƙi, inda kake zaɓar nama a gasa maka nan take. Naman sa da na alade kan waya ɗaya suke hawa, don haka kallo kawai na yi. Ita ma jagorar ba can take cefane ba, ta fi zuwa Central de Abastos, babbar kasuwar da ba ta da kyan hoto amma a nan mutanen gari suke saye. A titin Mina ƙamshin koko ne ke tarbar ka, kowa ya zo da ma'auninsa na koko da kirfa da almon da sukari a niƙa masa. Kokon ma ba a Oaxaca ake noma yawancinsa ba, daga Tabasco da Chiapas ake kawowa.

Kasuwar da ta ci sunanta ita ce ta Tlacolula, ranar Lahadi. Mata daga ƙauyukan kan tudu da gyale masu furanni, talo-talo a hammata an ɗaure ƙafa, Zapotek na tashi ta ko'ina fiye da Sifaniyanci. A nan na ga tulin fara a kwanduna, an soya ta da tafarnuwa da lemon tsami da gishiri, ja-ja-ja. Sauran 'yan tafiyar suna ta rufe ido suna ɗaukar juna bidiyo kafin su sa guda ɗaya a baki. Ni fara ba baƙuwata ba ce, na sayi ma'auni guda na ci abata, mai sayarwar har ta ƙara min gyara. Tasu ƙanana ce, kuma tsaminta ya fi yajinta.

Abin da ya fi burge ni a ranar tejate ne. Wata mata na tsaye gaban babban akushin yumɓu, hannunta cikin ƙulli har gwiwa. Masara ce da aka dafa da toka, da gasasshen koko, da ƙwallon wani ɗan itace mai suna mamey, da busasshen fure da suke kira rosita de cacao. Tana murzawa tana ɗaga butar ruwan sanyi sama tana tsiyayowa daga nesa, har wani farin kumfa mai maiƙo ya taso ya rufe saman. A ƙwarya mai jan fenti ake ba ka. Sanyi, ɗan zaƙi, ƙamshi kamar na turare, kuma yana riƙe ciki. Matan garin San Andrés Huayapam ne suka yi suna da shi. Jagorar ta ja mana kunne tun a mota: kada wanda ya ɗaga waya a fuskar mace bai gaishe ta ba, bai sayi komai ba, bai nemi izini ba. Wani daga cikinmu ya manta, wata tsohuwa ta juya masa baya ta rufe kayanta da gyale.

Na yi zaton ziyarar masu sana'ar hannu ƙari ce kawai don a cika jadawali. Ba haka ba ne, domin a gidajen nan murhu da masaƙa a tsakar gida ɗaya suke. A Teotitlán del Valle mijin na kan masaƙa yana taka ƙafa, matar na tsefe ulu da kaɗi, tukunyar rini na tafasa gefen ta wake. Kafin zuwan Sifaniyawa auduga suke saƙawa da masaƙar ɗaurin ƙugu, tumaki da masaƙar taka ƙafa a ƙarni na 16 suka shigo. Matar ta yanko wani faffaɗan ganyen nopal, itacen ƙaya ne mai kauri, an ga wani farin abu ya manne masa kamar hunhuna. Ta kankaro kaɗan ta murje a tafin hannuna, sai ga ja jawur kamar na yanke. Ƙwaro ne, cochinilla. Ta matsa lemon tsami, ya koma ruwan goro. Ta barbaɗa wani farin gari a gefe, ya koma shunayya. Duk a tafin hannu ɗaya, cikin minti guda. Sai an tara ƙwaro wajen 70,000 kafin a samu abin da bai kai rabin kilo ba na busasshe. A zamanin mulkin Sifaniya, bayan azurfa babu abin da ya fi wannan ƙwaron kawo kuɗi daga ƙasar, da shi ake rina tufafin sarakuna da manyan limaman coci a Turai. Kasuwarsa ta faɗi ne bayan 1856, da aka fara haɗa rini a masana'anta. Shuɗi daga baba suke samu, rawaya daga wani furen daji mai suna pericón, ruwan ƙasa daga ɓawon goron itace. Ta ce da yawa daga dardumar da ake sayarwa a bakin titi da sunan rinin gargajiya na kwalba ne, kuma farashin kaɗai ya isa ya tona asirinsu, domin ba mai yin aikin makonni ya sayar da arha.

A San Bartolo Coyotepec ne ake baƙar tukunyar nan mai ƙyalli da ake gani a kowane shagon tsaraba. Ba su amfani da injin juyi, faranti biyu ne na yumɓu, ɗaya a kife ɗaya a kansa, mai ginin na juyawa da hannu. Da can tukwanen toka-toka ne marasa ƙyalli, na ɗaukar ruwa da barasa. A shekarun 1950 wata mata, Doña Rosa Real de Nieto, ta gano cewa idan aka goge tukunyar da farin dutse kafin ta gama bushewa, aka kuma rage mata wuta, sai ta fito baƙa tana sheƙi. Wannan ya ciyar da garin gaba ɗaya. Sai dai mai ƙyallin ba ta riƙe ruwa, ba ta jure wuta, ta ado ce. Jagorar tamu ta bar mu muna ta zaɓe-zaɓe, ita ko ba ta sayi ko ɗaya ba. Kaskonta na matan San Marcos Tlapazola ne, jan yumɓu mara fenti. Tukwanen miyarta kore ne na Santa María Atzompa, kuma kullum sai ta tabbatar ba a sa dalma a shafen ba, domin tsohon shafen na ɗauke da ita, abinci mai tsami kuwa na narkar da ita ta shiga jiki.

Gumakan katakon nan masu launi-launi, alebrijes, ba su ɗauke ni ba sosai, ko da yake aikin ɗigo-ɗigon fentin na buƙatar ido da haƙuri. Ba ma tsohon abu ba ne kamar yadda ake nuna wa baƙi. Pedro Linares ne ya faro su da takarda a birnin Meziko a shekarun 1930, Manuel Jiménez na Arrazola ya mayar da su na itacen copal, yanzu garuruwa kamar San Martín Tilcajete da su suke ci har itacen ya yi ƙaranci ana sake dasawa. A Santiago Matatlán kuma aka tsaya wurin masu mezcal, barasar da ake yi da tsiron maguey. Ba na sha, amma na ga ramin da ake gasa gindin tsiron da doki mai jan dutsen niƙa, na kuma tauni ɗan gasasshen kafin a jiƙa shi, zaƙi kamar rake mai ƙauri. Nau'in da aka fi shukawa sai ya shekara bakwai zuwa takwas kafin ya nuna, na daji ya fi haka nesa. Tun da duniya ta buɗe wa barasar baki, tuddan da a da daji ne ko gonar masara sun koma layukan maguey, kuma jagorar ba ta ɓoye cewa abin na damunta ba.

A hanyar dawowa na yi mata tambayar da ke cina. Sanannen abu ne cewa masu kai baƙi kan karɓi kamasho daga shagunan da suka tsaya, shi ya sa farashi ke hawa, shi ya sa kuma ake kai kowa gidaje uku ko huɗu da suka yi suna, sauran gari na kallo. Ta ce ita biyan iyalan take yi kuɗin lokacinsu ko mun saya ko ba mu saya ba, kuma tana canja gida. Na yarda da ita saboda ba wanda ya matsa mana mu saya, kuma a gida biyu sai da muka tambaya kafin aka fito da kayan sayarwa. Ta kuma hana mu ciniki mai tsanani. Ta ce wanda ya biya kuɗin jirgi ya tsallako teku ba shi da hujjar ja-in-ja da mai saƙa a kan 'yan peso. Duk da haka ba zan ce zuwanmu alheri ne zalla ba. Birnin na fama da ƙarancin ruwa, motocin dakon ruwa na yawo a unguwanni yayin da otal-otal ke cike, kuɗin haya a tsakiyar gari ya kori masu ƙaramin ƙarfi, kuma sai da ta kai ƙasar ta yi doka a 2022 don hana kamfanonin tufafi kwafar zanen ƙabilu ba izini. Mu ma cikin wannan lissafin muke.

Puebla a bas muka tafi, ta cikin kwarin Tehuacán da dogayen itatuwan ƙaya tsaye kamar turakun wuta. A can jagorar ta zama baƙuwa ita ma, ta miƙa mu ga wata ƙawarta 'yar garin, abin da ya ƙara mata daraja a idona. Sifaniyawa ne suka kafa birnin a 1531, kuma ana ganin haka a bangayensa da aka lulluɓe da tayil. Wannan shi ne talavera: yumɓu iri biyu ake haɗawa, baƙi da fari, a taka da ƙafa, a gina, a bar shi ya bushe makonni, a gasa, a tsoma shi a farin shafe mai kuza, a zana da hannu, a sake gasawa. Launi shida kawai aka amince da su, kuma shuɗin idan ka shafa za ka ji ya ɗan tasa. Dabarar farin shafen daga Iraƙi ta faro a zamanin Abbasiyawa, ta bi Musulmin Andalus ta shiga Sifaniya, daga can ta tsallako. UNESCO ta amince da sana'ar a 2019, Meziko da Sifaniya tare. Mun shiga ɗakin girkin tsohon gidan mata masu zaman coci na Santa Rosa, wanda aka ce a nan aka ƙirƙiro mole na Puebla. Ɗakin ya cancanci gani, labarin kuwa ita kanta 'yar garin ta ce tatsuniya ce. Tacos árabes, naman da ake gasawa a tsaye a kan ƙarfe, baƙi daga Gabas ta Tsakiya ne suka kawo shi a shekarun 1930, amma yau da alade ake yi, don haka sai na koma titin kayan zaƙi na sayi alewar dankali.

Wanda ke da niyyar irin wannan tafiyar, ya tambayi abu uku kafin ya biya: mutum nawa ne a tawagar, ina mai girkin take cefanenta idan babu baƙi, da kuma yadda ake biyan gidajen da za a shiga. Ya kuma duba lokaci. Ƙarshen Yuli da farkon Nuwamba birnin Oaxaca ba masaka tsinke, masauki na tsada. Damina, daga Yuni zuwa Satumba, ita ce lokacin ganyayen gona da furen kabewa da ɗanyar masara, kuma daga Yuli zuwa Satumba ne Puebla ke yin chiles en nogada, cusasshen barkonon nan mai farar miyar goron itace da 'ya'yan rumman, domin a lokacin ne goron ke ɗanye.